Karen Riƙo da Ƙofar Kicin

Mai girma shugaban taro, abokan aikina likitocin dabbobi, iyayenmu maharba da nake hangowa can baya, 'yan'uwa maza da mata.

Da aka ce in zo in yi magana a kan kare mai ɓarna a gida, wani abokina ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Yanzu likita, duk abin da ke damun ƙasar nan, ka rasa abin tara jama'a sai kare ya ci takalmi?" Na ce masa ai wanda bai taɓa dawowa daga aiki ya tarar an fito da soson kujerar falonsa an watsa har tsakar gida ba, shi zai ɗauka wasa ne. Ni kuma na san inda maganar take ƙarewa in ba a shawo kanta ba. Ko dai a ɗaure karen da sarƙa a gindin bishiya har ƙarshen ransa, ko a sa shi a but a kai shi bayan gari a yar, ko a miƙa shi ga masu sayen karnuka. Duk a kan laifin da yawanci ba a tsaya an gano tushensa ba.

Karen da zan yi magana a kansa shi ne wanda nake kira karen riƙo, wato wanda ya fara rayuwa a wani hannu kafin ya zo naka. A ƙasashen Turai akwai gidaje na musamman da ake tara irin waɗannan karnuka har a samu mai ɗauka. Wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe ɗaya a Landan tun 1860, shi ne aka mayar unguwar Battersea a 1871, kuma yana nan yana aiki har gobe. Mu a nan ta wata hanya suke zuwa mana. An yi wa abokin aikinka canjin wurin aiki, ya ce don Allah ka riƙe masa. Mai gidan haya ya ce ko kare ko kai. Bature ya gama kwangila zai koma ƙasarsu. Ko yara sun tsinto kwikwiyo a bakin kwata sun ɓoye a bayan ɗaki, ba ka ankara ba sai da ya fara haushi.

Bari in ba ku labarin ɗaya. Wani ma'aikaci ya zo wurina da baƙin kare, ruwa biyu ne, da jinin Alsatian a jikinsa, shekararsa kamar uku. Suna kiransa Duna. Ya karɓe shi ne daga wani da aka mayar Legas. Shi da matarsa duk suna fita kafin ƙarfe bakwai da rabi, yara suna makaranta, gida ba kowa sai bayan la'asar. Cikin sati uku Duna ya cinye ƙasan ƙofar kicin ta baya har hannu na iya shiga, ya yage ragar sauro ta taga biyu, ya kuma yi kaca-kaca da takalmin maigidan ƙafa uku. Da na buɗe bakinsa na ga fiƙarsa ɗaya ta gutsure, dasashinsa duk ciwo. Maigidan ya ce da ni, "Likita, karen nan mugu ne. Ya san abin da yake yi. Da na shigo zai maƙale wutsiya ya shige ƙarƙashin mota." Zan dawo kan wannan magana tasa, don ita ce kuskuren da ya fi kowane yawa.

Tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya zo da wannan kuka ita ce, me ya tauna, kuma yaushe? Amsar ita ke raba ciwo da ciwo.

In kwikwiyo ne, maganar gajeriya ce. Haƙoransa na nono 28 ne, suna fara zubewa wajen wata uku zuwa huɗu, na girma guda 42 su gama fitowa wajen wata shida zuwa bakwai. A tsakanin nan dasashi na masa ƙaiƙayi, komai ya samu sai ya kai baki, kana gida ko ba ka gida. Ka kawar da kayanka, ka ba shi nasa, ka yi haƙuri. Zai ragu.

Akwai kuma wanda zaman banza ya ishe shi. Ku tambayi iyayenmu maharba ko sun taɓa jin karen farauta ya cinye ƙofa. Yaushe ya samu sukuni? Ya wuni yana gudu a daji, ya dawo ya zube. Ko karen unguwa na da, wanda ke kwana a zaure, ai ba ya rasa abin kallo: mata na daka, yara na shige da fice, awaki, kaji, mai talla. Gidan Bahaushe na gargajiya ba ya taɓa zama wayam. Wannan cuta ta gidajen zamani ce, masu dogon gini da get ɗin ƙarfe, inda ake kulle dabba mai jini a jika awa tara ba abin da ke motsi sai ƙadangare. Irin wannan kare ɓarnarsa ba ta da alƙibla. Yau buta, gobe tiyon ban ruwa, jibi ya janyo shanya daga igiya, gata ya tone fulawa. In ka bar masa abinci zai cinye tas. Zai yi barcinsa, ya tashi ya nemi abin yi. Wasa yake, sai dai da kayanka.

Na Duna daban ne, kuma a nan nake so mu daɗe. Ku lura da abin da ya zaɓa: ƙofar da ya ga maigidansa ya bi ya shige, tagar da yake hango get, da takalmin da ke ɗauke da warin ƙafar maigidan. Bahaushe ya ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Gaskiya ne, amma ba mu cika tambayar takalmin wa yake ɗauka ba. A gidan akwai takalman baƙi, akwai na yara, bai taɓa su ba. Abincin da ake bar masa da safe kuwa yana nan a kwano har sai an dawo, sannan ya faɗa masa kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Kare mai jin daɗi ba ya ƙin abinci. Wannan fargabar kaɗaici ce, firgici ne na gaske, irin wanda ke sa mutum ya fasa gilashin taga da hannu in gobara ta rutsa da shi. Yana gwaguyar ƙofa ne don ya fita ya bi ka.

Na ce wa maigidan ya jingine tsohuwar waya a kan taga, ya kunna bidiyo, ya fita kamar kullum. Gani ya kori ji. Tun yana ɗaukar makullin mota Duna ya fara haki yana kai da komo. Get na rufuwa ya kama kuka, irin kukan nan mai ja da tsofaffi ba sa son ji. Kafin minti goma ya kai wa ƙofar hari, dalala na zuba. Haka abin yake ga mafi yawansu, tashin hankalin yana farawa ne cikin rabin awar farko bayan fitar mutum. Mutumin nan ya zauna a ofishina yana kallon wayar, ya daɗe bai ce komai ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Ashe kuka yake yi."

Me ya sa karen riƙo ya fi faɗawa cikin wannan hali? Ku ɗauki misalin ɗan riƙo. Yaron da aka ɗauko daga gidansu aka kai wata unguwa, ai za ka ga ya maƙale wa mutum ɗaya, ko bayi za ta shiga yana tsaye a bakin ƙofa. Kare bai san canjin wurin aiki ba, bai san Legas ba. Abin da ya sani shi ne wata rana wanda ya saba da shi ya fita bai dawo ba. Yanzu ga wani ya fara sabawa da shi, shi ma kullum yana fita. Mu kuma muna ƙara wa abin gishiri ba da saninmu ba. Mukan karɓo kare ranar Juma'a da yamma, Asabar da Lahadi yara su wuni a kansa, ana shafa shi ana ba shi nama, ranar Litinin kowa ya watse a bar shi da bango huɗu.

Yanzu maganar "ya san laifinsa". Wata malama mai nazarin halayyar karnuka a kwalejin Barnard da ke New York, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan a 2009 da karnuka 14. Mai kare zai ajiye abin kwaɗayi, ya hana karen ci, ya fita daga ɗakin. Wani lokaci karen ya ci, wani lokaci a ɗauke abin bai ci ba, sannan a gaya wa mai shi abin da ya faru, a wasu lokutan a gaya masa akasin gaskiya. Sai aka ga sunkuyar da kai da kawar da ido ba su bin ko ya ci ko bai ci ba, suna bin faɗan da aka yi masa ne. Har ma waɗanda ba su taɓa abin ba aka yi musu faɗa, su suka fi nuna wannan fuska. Saboda haka shigewar Duna ƙarƙashin mota ba amsa laifi ba ce. Ya koyi cewa in akwai gutsattsarin katako a ƙasa kuma maigida ya shigo, bulala na tafe. Amma ya haɗa dukan ƙarfe biyar na yamma da gwaguyar ƙarfe takwas na safe, wannan ƙwaƙwalwarsa ba ta kai nan ba. Ihu ne bayan hari. Mafi muni ma, ka ƙara masa tsoro na biyu: da yana tsoron fitarka, yanzu yana tsoron dawowarka. Malamai sun fi ni sanin hadisan da suka zo a kan wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da wadda aka azabtar don ta kulle kyanwa ba ci. Ni dai abin da zan ce daga ɓangaren sana'ata shi ne dukan ba ya aiki.

To me ke aiki?

Kafin komai, a tsare ransa. Kare mai tauna yana iya kashe kansa da abin da ke cikin gidanka. Wayar wuta, musamman ta janareta da ta caja. Shinkafar ɓera da fiya-fiya, waɗanda muke ajiyewa a bayan ƙofa. Cakulan, albasa, inabi da busasshensa. Goro ma, wanda ba ma ɗauka komai ba, yana ɗauke da irin sinadaran da ke sa cakulan ya zama guba ga kare, don haka a daina barin farantin goro a kan tabarma. Sai abubuwan da ke toshe hanji: totuwar masara, ƙwallon mangwaro, safa, leda. In ka ga yana ta amai, ya ƙi abinci, ba ya son a taɓa cikinsa, kada ka jira gobe. In kuma ka ga zare ko tsumma na leƙowa ta bayansa, kada ka ja, kana iya yanka masa hanji. Ka kawo shi.

Sannan a gajiyar da shi kafin a fita. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, a ja shi yawo na rabin awa ko fiye, a bar shi ya shinshina abin da yake so, don hanci ne jaridarsa. Ga mai zaman banza, wannan kaɗai kan kashe rabin matsalar. Ga mai fargaba taimako ne kawai.

A ba shi abin taunawa nasa na kansa. Taunawa ɗabi'arsa ce, ba za ka hana ba, sai dai ka zaɓa masa. Akwai wani abin wasa na roba mai rami a ciki da ake kira Kong, ana samunsa a shagunan kayan dabbobi na manyan biranenmu. Asalinsa wani makanike ne a Denver ta Amurka, Joe Markham, karensa Fritz ya addabe shi da tauna duwatsu har haƙoransa na lalacewa. Wata rana yana gyaran wata bas ƙirar Volkswagen ya jefa masa wata roba daga ƙarƙashin motar, karen ya rungume ta ya manta da dutse. Daga nan ya fara ƙera irinta ya sa a kasuwa a 1976. Ana cusa abinci a ramin, kare ya daɗe yana fama. In da wuta a sa a firiza ya daskare, ya fi daɗewa, kodayake na san wasunku za su ce wace wutar. Wanda bai samu ba ya watsa busasshen abincin a tsakar gida karen ya bi yana tsinta, ko ya ɓoye guntayen nama a cikin kwali ya bar shi ya yaga. Abu biyu ne ban yarda da su ba. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya zama kamar allura. Da tsohon takalmi. Ka ba shi tsohon silifas yau, gobe ya ɗauki na Sallah, ka ce ya yi laifi. Ina ya san farashi? Duk abin da ka danna da farce bai lotsa ba kuwa yana iya fasa masa haƙori. Masu shafa barkono a ƙofa su ma su bari, idonsa kawai za su ƙona, ƙofar kuma sai ya ci.

Ainihin maganin mai fargaba shi ne a koya masa cewa fita tana da dawowa, kuma a fara daga abin da zai iya ɗauka. Duna ya riga ya haddace jerin: wanka, turare, hula, makulli, get. Sai muka warware jerin. Maigidan ya ɗauki makulli ya koma ya zauna ya sha shayi. Ya sa hula da takalmi ya kunna rediyo. Sau da yawa a rana, har ƙarar makulli ta daina ɗaga masa kunne. Daga nan ya fita get, ya ƙirga biyar, ya dawo. Sai goma. Sai minti ɗaya. Sharaɗin shi ne ka dawo kafin ya firgita. In ya firgita ka yi sauri ke nan, ka koma baya. Kuma ba a ƙara lokacin a jere kamar hawa tsani, a yi minti uku, a yi ɗaya, a yi biyar, don kada ya gane lissafin. Fita ba dogon sallama, dawowa ba biki. Ka shigo, ka ajiye kayanka, in ya natsu ka kula shi. Mintocin farko su ne masu wuya, kwanaki kan shige ana kan minti biyu. Amma in aka kai ya zauna lafiya minti talatin zuwa arba'in, daga nan tafiyar takan yi sauri.

Na san abin da ke ranku: aikin fa? Wa zai bar ofis ya tsaya ƙirga biyar a bakin get? Nan ne muka fi Turawa sa'a. Su sai sun biya kuɗi mai yawa a zauna musu da kare. Mu muna da maigadi, da yaron gida, da maƙwabci, da ƙanin matarka da ya gama makaranta yana jiran aiki. Da yawa daga cikin karnukan nan ba lallai sai maigidan ba, in dai akwai ɗan Adam a kusa sun natsu. A lokacin horon, kowace ranar da aka bar shi ya wuni cikin firgici tana rushe aikin kwanaki. A Ingila ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA tana ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Ko lafiyayye ne, wunin ofis cur ya yi masa yawa.

Keji fa? Ga kwikwiyo ko mai zaman banza, in an saba masa da shi a hankali, yana da amfani na ɗan lokaci. Ga mai fargaba kuwa, ka ɗauke yaƙin daga ƙofar katako ne ka mayar kan ƙarfe, haƙoransa su tafi. Kuma ku tuna zafinmu. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa. Kejin kwano a rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, tanda ce. Sarƙa ma haka, na ga wanda ya yi tsalle ya haye katanga da ita a wuya. Masu cewa a kawo masa ɗan'uwa su ma su yi hattara, wani lokaci yana taimakawa, sau da yawa kuma sai ka wayi gari da baki biyu maimakon ɗaya, don ba kare yake nema ba, kai yake nema.

Akwai magani na sha ga wanda abin ya yi wa tsanani. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da clomipramine don wannan ciwo a karnuka a 1998, sannan fluoxetine a 2007. Suna ɗaukar makonni kafin a ga aikinsu, kuma sauƙaƙa horon suke yi, ba sa maye gurbinsa. Likitan dabbobi ne zai auna nauyin karen ya rubuta. Don Allah kada wani ya bi ta kemis ya sayo ƙwayar barci ya tura a cikin tuwo, kuma kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, yana lalata masa ciki da ƙoda.

Gargaɗi ɗaya da ya shafe mu fiye da mutanen Landan. Karen da ba ka san tarihinsa ba, ranar da ya shigo gidanka ka nemi katin rigakafinsa. In babu, a yi masa allurar ciwon haukan kare. Ba abin nema daga nesa ba ne, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, tana yin ta. Dalilina shi ne mahaukacin kare ma yana tauna itace da dutse da ƙasa. Bambancin shi ne nasa farat ɗaya yake zuwa, kana nan ko ba ka nan, halinsa ya juye, muryarsa ta canza, haɗiya ta gagara, ya kai cizo ga wanda ya sani. In ka ga haka kada ka sa hannu a bakinsa wai ko ƙashi ne ya maƙale. Ka kulle shi, ka kira mu. Wanda ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Duna bai kai ga shan magani ba. Maigidan ya roƙi maigadin maƙwabcinsu, wani dattijo, ya riƙa zama a inuwar get ɗinsu da rediyonsa daga safe zuwa azahar, ana ba shi ɗan abin goro. Horon kuma aka riƙa yi da yamma da ƙarshen mako. Sau biyu muka koma baya, ɗaya saboda tafiyar gaggawa da ta kama su zuwa ta'aziyya. Wajen wata biyu da rabi aka kai awa huɗu, bidiyon ya nuna shi kwance a gindin mangwaro da robarsa tsakanin ƙafafu. Fiƙar da ta gutsure sai da muka cire. Ƙofar kicin kuwa kafinta ya buga mata falanki a ƙasa, har yau ba a yi mata fenti ba.

Shugaba, a nan zan dakata. Na ga baba can baya tun ɗazu yana ɗaga hannu, a miƙa masa abin magana.